Gaisuwa a Kan Ƙafa Ɗaya

Idon sawun Ziblim na hagu ba shi da alkawari. Yau ya kai shi kasuwa daga unguwarsu Gumani lafiya lau, gobe ya turguɗe a kan 'yar tsakuwa. Ga bikin Damba ya matso, shi kuwa tun yana saurayi rawar takai ba ta taɓa wuce shi ba. Shugaban 'yan rawar ya ce Ziblim ba zai shiga fili ba sai asibiti sun ce ƙafar ta tsaya.

Madam Farhana, mai gashin ƙashi a wani asibiti a unguwar Kaladan, ta samu sabon allo mai haɗe da kwamfuta. Mutum ya hau da ƙafa ɗaya, ya rufe ido, allon ya auna tangaɗinsa. Ɗakinta ya yi kaɗan, sai ta girke shi a baranda, hanyar kowa da kowa.

Ranar farko ba wanda ya gifta, allo ya ce ƙafa garau. Amma a makaranta an koya wa Madam cewa gwaji sai an maimaita. Washegari Ziblim na tsaye kamar zalɓe, wata tsohuwa ta gifta ta ce, "Dasiba," wato ina kwana. Ɗan ƙabilar Dagomba irin Ziblim ba ya amsa gaisuwar babba a miƙe. Ya rusuna yana "Naa, naa," allo ya ce ƙafa ta lalace. Madam, wadda kwamfuta take kallo ba mutum ba, ta haɗa sakamakon biyu ta raba, ta samu rabin lafiya.

"Madam, rabin ƙafa ba ya rawa," in ji Ziblim. "A sake mini."

"To, gobe na ƙarshe. Ka motsa, ka faɗi."

Da gari ya waye ya hau, ya rufe ido, ya rantse ko sarki ne ba zai tanka ba. Ashe wanda ya fi sarki ne ke tafe: surukinsa, Alhaji Imurana, ya zo awon jini.

"Ziblim, dasiba."

Gumi ya karyo masa. Kunya ta kama shi kamar ya nutse, amma gangunan Damba na kaɗawa a kansa. Ya yi gum. Alhaji ya sake gaisuwa, ya jira, sannan aka ji takalmansa sun yi gaba.

Allo na yin ƙara Ziblim ya diro, ya bi surukinsa a guje. A bakin ƙofa ya cim masa, ya zube zai durƙusa a kan tsakuwa. Ji kake ƙas! Ya kife yana riƙe da idon sawun, hawaye na zuba.

Alhaji ya dube shi daga sama ya ce, "Naa. Yanzu ka gaishe ni."

Daga baranda Madam Farhana ta ɗaga murya, idonta na kan kwamfuta: "Ziblim, ka ci! Je ka gaya ma shugabanku, ƙafa nan lafiya lau ne!"