Ƙwaryar Taurarin Kubra

Wani irin mafarki Kubra ta yi jiya da dare. Ɗaliba ce 'yar shekarar ƙarshe a jami'a, tana nazarin yadda gungun taurari ke haɗuwa, ya girma, ya tsufa. Jarrabawar baki kawai ta rage mata, kuma tsoronta ya hana ta sakat.

Ta tsinci kanta a zauren lacca, sai dai zauren faɗaɗa yake ta yi. Ƙofa tana ja da baya, duk wanda ya nufe ta sai ya koma ja wur. Ɗaliban layin baya kuwa jarirai ne, suna tsotsar biro. Ta tambayi Nafi'u, abokin karatunta, ko lafiya.

"Ai sun girma tuni," in ji shi. "Haskensu ne bai iso ba tukuna."

Farfesa kuwa zabuwa ce, da tabarau da mayafi. Ta turo wa kowa ƙwarya cike da ƙura da iska mai ɗumi.

"Kowa ya haɗa mini gungun taurari mai hannuwa kafin azahar. Wanda bai yi ba, sai baɗi."

"Ranki ya daɗe," in ji Kubra, "littafi ya ce sai an yi biliyoyin shekaru."

"To, ki fara da wuri mana."

Kubra ta sa ludayi ta yi ta damawa. Taurari suka taso kamar gayan fura, amma da ta juya sai su fantsame. Ɗaya ma ya faɗa aljihun Nafi'u, ya huda masa riga.

Sai ga ta a kasuwa. Innarta na zaune gaban faranti wayam, mutane sun yi layi.

"Inna, me kike rabawa?"

"Abin nan da ba a gani, wanda kika ce ya fi komai yawa a sama. Ni ma ban gan shi ba, nauyinsa kawai nake ji. Matso da ƙwaryar."

Ta ɗebo babu, ta zuba. Ƙwaryar ta yi nauyi har Kubra ta durƙusa. Taurarin suka nutsu, suka kama juyawa, hannuwa suka miƙe gwanin sha'awa.

A bakin zaure ta haɗu da Nafi'u ɗauke da tasa ƙwaryar. Ƙoren biyu suka fara jan juna. Ta ja, ya ja, ina, sai da suka gwabza. Gungu biyu suka zama ɗaya, ƙato, mulmulalle, babu hannu ko guda. A tsakiyarsa ga baƙin rami, wanda ya haɗiye ludayinta, ya bi da tabarau ɗin Farfesa.

Farfesa ta karkata kai, ta dubi Kubra da ido ɗaya.

"Wannan kam tsufa ya yi da wuri, ba laifinki ba ne. Tambaya guda. Me ya sa kike wahala a kan wurin da ba za ki taɓa zuwa ba?"

Jarirai suka daina tsotsar biro. Kubra ta ji duk tsoron nan ya gushe.

"Ranki ya daɗe, ai a cikin irin wannan gungun muke zaune."

Zabuwa ta buɗe baki za ta faɗi sakamako, sai ƙarar ƙarfe ta fito, kwarangwam, kwarangwam.

Kubra ta buɗe ido. Abokiyar ɗakinta ce ke buga bokiti a kan gadonta.

"Tashi, an kawo ruwa. Layi ya kai bakin get."