Bayan Delu

"Kada ki dube ta, Yaya. Na ce miki kada ki dube ta."

Ni kuwa na riga na duba. Mubaraka ta sa bayan hannu ta ture ƙwaryar, fura ta malale a kan tabarma har ta jiƙa mini gefen zane. Ba ta yi kuka ba. Ta koma gindin randa ta tsuguna, ta toshe kunnuwa, tana kaɗa jiki gaba da baya.

"To ina zan kai idon nawa?" na ce. "In cire shi in aje gida?"

Delu ta yi dariya daga kan gado, dariyar ta zame mata tari. Sai da na tashi na tallafe ta na ba ta ruwa sannan numfashinta ya dawo.

Delu maƙwabciyata ce a Konni, katanga ɗaya ta raba mu, can bayan tashar mota. Ni Saude, mai ƙosai ce a bakin tasha, mijina ya daɗe da rasuwa, ɗiyana duk sun yi aure sun watse. A bazarar nan aka dawo da Delu daga asibitin Galmi da ciwon nono da ya ci har ya kai ƙashi. An ce ta zo gida ta huta. Kowa ya san irin wannan hutun.

Mubaraka ita ce ɗiyarta ta fari, ita ce kuma ta ƙarshe, ta kai shekara goma. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, balle ta zauna tana lallashinsa a gaban mutane. Delu ta tattara wannan kunyar ta zuba a kwata, mata suka yi ta surutu har suka gaji. Yarinyar ba ta kallon idon kowa. In injin niƙa ya tashi ko ɗan kabu-kabu ya danna oda, sai ta toshe kunne kamar ana tsira mata allura. Wuni take tana jera ƙwallayen dabino a gindin katanga, in ka gusa ɗaya ka jawo wa kanka aiki. Abinci kuwa ba ta ci sai an ba ta baya. Delu za ta zauna ta juya mata baya, ta aje ƙwarya a gefe, ta yi shiru. Can sai yarinyar ta zo ta jingina bayanta da na uwar, sannan ta ɗauki ludayi.

Maganarta ma ba tata ba ce, ta uwar ce. Duk abin da Delu ta taɓa faɗa mata ta adana shi, har da muryar. In ƙishirwa ta kama ta ba za ta ce ina son ruwa ba. Sai dai ka ji muryar Delu sak ta fito daga bakin yarinya: "Mubaraka, kina son ruwa?" Wanda ya sani ya ɗebo mata. Wanda bai sani ba tsikar jikinsa ta tashi.

Wata malamar asibiti, Bazabarma, ta taɓa zaunar da Delu a Galmi ta ce mata abin yana da suna, otism ake ce masa da Faransanci. Ba iska ba ce, ba sammu ba ne, kuma ba ciwo ne da ake sha wa magani ya fita ba. Haka aka halicce ta, sai a koyi hanyarta. Ranar da Delu ta dawo da wannan kalma na ce mata sunan ya fi kama da na maganin sauro. Amma na ga yadda ta samu sauƙi a ranta, kamar an sauke mata dakon itace.

Mijinta Alkasum direban babbar mota ne, yana kai albasar Galmi Kotonu, ya fi kwana a hanya fiye da gida. Mutum ne da sai ka yi masa tambaya uku kafin ka samu amsa ɗaya. Yayarsa Hajiya Sahiya ita ta raine shi tun da uwarsu ta rasu, ba ya iya ɗaga ido ya musa mata. Ita kuwa ta gama yanke shawara. Ta zo duba Delu, ta faɗa a tsakar gida, ba ta ko rage murya ba.

"In ta Allah ta kasance, wa zai iya da wagga yarinya? Akwai malami gaba da Illela, a wurinsa ake kai irinsu. Shi zai fidda abin da ke jikinta."

Na san wurin da take nufi. Ɗan ƙanwar kishiyar uwata ya zauna can, na ga tabon marin ƙarfe a ƙafafunsa. Ba zan ce Hajiya muguwa ce ba, ita a ganinta taimako ne. Amma da ta fita, Delu ta kama hannuna da ƙarfin da ban san ya rage mata ba.

"Yaya, in ta ci a hannunki ba su da hujja. Uban nata abin da ke tsorata shi ke nan, kada yunwa ta kashe ta. Ki koya tun ina da rai."

Shi ya sa nake barin kaskon ƙosaina da hantsi in zo in zauna in ba yarinya baya kamar mun yi faɗa. Sai dai ni Allah bai yi ni da shiru ba. Ko na danne, sai bakina ya ce "zo mana ɗiyata", ko wuyana ya juya da kansa. Ita kuwa da ta ji motsi shi ke nan, an ɓata.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne dabarar da Delu ta koma yi. Ta daina ba yarinyar bayanta. In Mubaraka ta hau gado tana neman inda za ta jingina, sai Delu ta kwanta rigingine ta danne bayan da katifa, ko da yake kwanciyar nan tana ƙara mata zafi. Yarinyar ta yi ta tura ta da kai, tana cewa da muryar uwar, "Mubaraka, zo ki sha fura. Mubaraka, zo ki sha fura." Delu tana kallon rufin ɗaki, hawaye na gangara mata cikin kunne.

"Haba Delu, ki bar ta ta sha," na ce. "Wannan azaba har ina?"

"In na bar ta yau, gobe fa?"

Amma in rana ta yi tsaka ba ta iya jurewa. Sai ta ce in tayar da ita zaune, ta ba da bayan, yarinyar ta sha. Muna nan a haka, ba gaba ba baya, jikin Delu kuwa kullum raguwa yake.

Da na ga ƙafafunta sun fara kumbura, na tafi telesantar, shagon buga waya, na sa aka buga wa ubangidan Alkasum waya. Ya iso ranar wata Laraba da la'asar, rigarsa duk warin albasa da man gazuwal. Na tashi zan ba su wuri, Delu ta ce in zauna.

"Maigida, ba iska ba ce. Ɗiyarka ce."

Ya sunkuyar da kai.

"Ka dube ta da kyau. Shirun nan nata a ina ta samo shi? Ba wurina ba dai."

Ya ɗan saci kallon yarinyar, tana can tana jera ƙwallayenta. Ina jin tun da aka haife ta bai taɓa zama da ita su biyu ba. Ba ƙinta yake ba, tsoronta yake ji, kada ya taɓa ta ta yi ihu.

"An ce ana neman direbobi masu ɗaukar siminti daga Malbaza," in ji Delu. "Kullum mutum gida zai kwana."

"Ki huta," ya ce. Abin da ya iya faɗa ke nan.

Washegari da hantsi Delu ta cika. Ina shafa mata ruwa a leɓe, tana bin kalmar shahada a hankali, idonta yana bakin ƙofa inda ake hango gindin katanga. Ban san lokacin da ta daina ba, sai da na ji hannunta ya yi nauyi a nawa. Na yi kuka, ban ɓoye ba. Fiye da shekara goma muna miƙa wa juna gishiri ta kan katanga.

Gida ya cika da mata. Mubaraka ta shige bayan randuna ta maƙale a lungu, hannu a kunne. Da aka fito da uwar za a kai ta makwanci ba ta ɗago ba. Wata mata ta ce, "Kun gani, ko sanin an yi mutuwa ba ta yi ba." Na ce mata ta ji da carbinta.

Ranar Mubaraka ba ta ci ba. Washegari ma haka. Ina aje mata moɗa kusa, in na kau da kai ta kurɓi ruwa, iyakarta ke nan. Na zauna na ba ta baya har ƙuguna ya ƙage, na cije bakina kamar mai azumin magana, ba ta zo ba. Leɓunanta suka bushe, idanunta suka faɗa.

Ranar sadakar uku, bayan an yi addu'a maza sun fara watsewa, Hajiya Sahiya ta aika aka kira Alkasum cikin gida. Ta riga ta ɗaure kayan yarinyar a ɗankwali, ta kuma yi magana da mai taksin Illela, yana jira a ƙofar gida.

"Ka gani da idonka," ta ce. "Ta ƙi ci. So kake a yi gawa biyu a gidan nan?"

"Hajiya, a ƙara mini kwana biyu," na ce.

"Saude, kin yi iyakar ƙoƙarinki, Allah shi biya ki. Amma wagga magana ta dangi ce."

Da gaskiyarta, ni maƙwabciya ce. Na dubi Alkasum, yana tsaye yana murza hularsa a hannu, na san zai ce to.

Sai ga Mubaraka ta fito daga bayan randuna. Ta ratsa tsakanin mata ba ta dubi kowa ba, ta je ƙofar ɗakin uwar ta tsaya. An kwashe katifar an shanya, gadon ƙarfe ne kawai. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan muryar Delu ta tashi a tsakar gida, a hankali, da ɗan jan nan da take yi a ƙarshen suna.

"Mubaraka, kina son Inna?"

Mata suka ja da baya, wata ta tuntsurar da buta. Hajiya ta dafe ƙirji tana neman tsari.

"Kun ji ko? Ku ji da kunnenku. Matacciya ce ke magana a bakinta."

Alkasum ya yi fari fat. Muryar matarsa ce, kwana uku da binne ta. Ya juyo gare ni.

"Yaya Saude, mi take cewa?"

"Cewa take tana son uwarta," na ce. "Ba ta da wasu kalmomi sai waɗanda Delu ta bar mata. Da su take kuka."

"Mubaraka, kina son Inna?" yarinyar ta sake faɗa wa gadon.

Alkasum ya aje hularsa a kan turmi. Ya taka zuwa ƙofar ɗakin, na ɗauka zai kama ta, har na buɗe baki zan hana shi. Sai ya juya ya zauna a ƙasa, cikin turɓaya, da farar rigarsa ta karɓar gaisuwa, ya ba ta baya. Ashe duk shekarun nan yana gani.

"Alkasum, mi ke nan? A gaban mata?" in ji Hajiya.

Na lallaɓa na ɗauko ƙwaryar fura da ludayin Delu mai tsaguwa a baki, na aje a gefensa na dama, na koma na yi wa matan alama da hannu su yi shiru. Abin mamaki, suka yi.

Mun daɗe a haka. Rana ta kai kan randuna. Mutumin nan ko ƙuda bai kora ba, shirun da ya gagare ni shi a wurinsa ba aiki ba ne. Mai taksi ya gaji ya danna oda a waje, yarinyar ta toshe kunne ta fara kaɗa jiki. Alkasum bai waiga ba. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, idonsa a ƙasa.

"Yaya Saude, ki ce mashi shi tahi."

Na dubi Hajiya. Ta dubi ƙanenta, ta dubi ƙullin kayan da ke hannunta, sannan ta aje ƙullin a kan tabarma ta zauna. Na fita na sallami mai taksi.

Da na dawo, Mubaraka ta sauke hannuwanta. Tana zaune a ƙasa, ɗan bayanta ya jingina da na ubanta, kanta bai ko kai kafaɗarsa ba. Hawaye na bin gemunsa yana ɗiga a kan rigar, bai ɗaga hannu ya share ba don kada bayan ya motsa. A tsakar gidan ba ka jin komai sai ludayi yana taɓa gefen ƙwarya.