Dokar Ɗaya-Ɗaya

Banɗakin benen yana can baya, sai an ratsa rumfar masu faci. Ƙofar kwano ce, sakatarta ta daɗe da ɓallewa, ga ɓula daidai idon mutum. Shi ya sa ƴan matan da ke koyon ɗinki a shagon Anti suke tafiya bibbiyu: ɗaya ta shiga, ɗaya ta jingina bayanta da ƙofar tana muzurai.

Anti ba ta taɓa shiga ba. Gidanta kusa ne, can take leƙawa da rana. Abin da idonta ke gani shi ne kekuna biyu a tsaye, ga kayan mutane jibge.

"Daga yau ɗaya-ɗaya," ta ce. "Fitsarin ma taron dangi ake yi masa?"

"Anti, masu facin nan fa idonsu ya fi allura tsini," in ji Doguwa, babbarsu.

"Ku tsone shi. Na gama magana."

Auta, ƙaramarsu, ta ci gaba da ɗinkinta. Daga ranar ba a sake ganin ta tashi daga kan keke ba, har Anti na yi wa sauran gori da ita. Ko an miƙa mata ruwa sai ta ce ta ƙoshi.

Ranar da ta kifa kai a kan keke, jikinta kamar garwashi, tana dafe da kwiɓi, Anti ce ta kai ta asibiti.

"Ciwon mara ne ya haura ƙoda," ma'aikaciyar jinya ta ce tana saita ƙarin ruwa. "Riƙe fitsari take yi, kuma ba ta shan ruwa. Ba banɗaki a wurin aikinku?"

"Akwai," Anti ta ce. Muryar ko ita da ƙyar ta ji ta.

Can sai ga mahaifiyar Auta, mayafi a karkace, takalmi wari-wari. Ta dafa goshin ƴarta, ta fara faɗa irin na wanda ya tsorata.

"Ke wace irin yarinya ce? Ruwan ma rowarsa kike yi wa cikinki? Me ya hana ki sha?"

Auta ta ɗago ido. Ya sauka a kan Anti, ya ɗan daɗe, sannan ya koma kan silin.

"Mantawa nake yi, Umma."

Anti ta buɗe baki. Maganar na nan a maƙogwaronta, gajera ce ma. Kafin ta fito, matar ta kama hannayenta biyu ta riƙe gam.

"Ƙanwata, ba don ke ba da ban san yadda za a yi ba. Kin riƙe min ita kamar ke kika haifa. Allah ya yi wa naki yadda kika yi wa tawa."

Matar tana jira. Auta ta lumshe ido.

Anti ta kasa cewa amin.