Busasshen Reshe

Shekara arba'in da ɗoriya tsohon ya yi yana aikin kafinta, kuma duk duniya ba abin da ya tsana kamar ɗanyen katako. Ɗanyen katako maƙaryaci ne, in ji shi: ka haɗa ƙofa da shi yau tana rufuwa lafiya lau, bayan wata biyu ta karkace, mai gida ya zo yana zazzaga maka masifa. Shi ya sa kafin ya ɗora zarto a kan kowane itace sai ya ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa, ya kasa kunne. In ya amsa ƙwas-ƙwas, ya bushe ke nan, nagari ne. In ya yi shiru, sai ya ture shi gefe.

Yanzu ya bar shago, yana zaune a gidan ɗansa, malamin makaranta mai son komai ya tafi bisa doka. Ido ya fara ja baya, gwiwa ma haka. Sau biyu ɗan yana ce masa, cikin ladabi amma ba da wasa ba, "Baba, in aka sake samun wata matsala da kayan nan, akwatin zan kulle in ɓoye makullin." Akwatin kayan aikin kuwa shi kaɗai ya rage wa tsohon da ke sa shi tashi da safe.

Jikoki biyu gare shi a gidan. Babbar shekararta goma sha ɗaya, ana ce mata Tsinke saboda ko me ta ci ba ya zama a jikinta. Sai Auta, mai shekara shida, wadda ta ga lilo a gidan ƙawarta ta dawo ta hana kakanta shan ruwa.

Ranar Asabar da malam ya fita, tsohon ya yanka katakon zama, ya goge shi sumul don kada sartse ya shiga cinyar yarinya, ya huda kusurwoyi huɗu, ya zura sabuwar igiya mai kauri. Sannan ya jingina tsani a jikin mangwaron bayan gida ya hau, Tsinke na riƙe masa ƙafar tsanin tana tsokanarsa wai in ya faɗo ba mai iya ɗaga shi. Rassa biyu ne suka miƙe daidai lilo. Ya ƙwanƙwasa na farko, mai ganye shar, ya ji shiru. Ya ƙwanƙwasa na biyu, ya amsa ƙwas-ƙwas. Hannunsa ya zaɓa tun kafin kansa ya yi tunani.

Ko mai kiwon awaki ya san reshen da ya bushe a kan bishiya matacce ne. Amma an ce ruwa kan ci gwani. Ya ɗaure igiyar da ƙulli mai kyau, ya sauko ya ja ta da hannu sau biyu. Ya kamata ya zauna a kai da nauyinsa ya gwada, sai dai gwiwar na masa zogi, ya ce ai ya isa.

Kwana biyu lilon ya yi. A na uku da yamma, Tsinke na tura Auta, Auta na ihun a ƙara, sai aka ji ƙaras, reshen ya ɓalle ya faɗo da ita. Hannun hagun Auta ya karye. Aka yi mata ɗori a asibiti, aka dawo da ita tana barci a kafaɗar uwarta.

Malam bai tambayi kowa ba. Ya sha hana Tsinke wasan ganganci da ƙanwarta, don haka a wurinsa shari'a ta ƙare. Ya zane ta, abin da bai taɓa yi ba, ya kuma ce kada ta sake kusantar Auta sai ta warke. Tsohon yana zaune a bakin ƙofar ɗakinsa yana ji. Ya buɗe baki, ya tuna akwatinsa, ya rufe.

Washegari ya je ya ɗauki reshen. Cikinsa duk ƙwari sun cinye, ya murza da yatsa ya zama gari. Ya yanka shi gida uku ya tura ƙarƙashin gadonsa, kamar yaron da ya fasa kofi. Tun daga ranar abinci ya daina masa daɗi. Yana kallon Tsinke tana tsayawa a bakin ƙofar ɗakin Auta, ta leƙa, ta juya. Ita da ba ta iya wuce shi ba ta ja masa hula ba, yanzu sai ta gaishe shi ta wuce. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, don ya san a kan bayan yarinya ya ɓuya.

A rana ta huɗu ya same ta a bakin famfo tana wanke kwanuka. Ya matsa kusa da ita.

"Tsinke, ba turinki ba ne ya karya shi. Reshen ne matacce. Ni na zaɓe shi."

Ba ta ɗago ba. "Na sani, Kaka."

"Kin sani?"

"Da ya faɗo na ga cikinsa, duk ya zama gari. Kuma na ga lokacin da ka shigar da shi ɗaki."

Ya zauna a kan bokitin da ke kife. "To me ya hana ki faɗa wa ubanki?"

"Ai akwatinka zai kulle." Ta ɗauraye faranti ta ajiye. "Ni duka ne, ya wuce. Kai in aka kulle akwatin, me za ka riƙa yi?"

Daga ƙofar gida aka ji babur ɗin malam ya tsaya. Tsohon ya dafa gwiwa ya miƙe, sai Tsinke ta yi wuf ta riƙe masa hannun riga da hannunta mai kumfa.

"Kaka, don Allah kada ka faɗa. Na riga na sha dukan, kada ya tafi a banza."

Ya dube ta, idonsa ya cika. Ya zare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, a hankali, sannan ya juya ya ƙwala wa ɗansa kira.