Saƙon da Ya Wuce Minti Biyu

Aikina a kamfaninmu shi ne gwaji. In an taɓa wani abu a manhajarmu ta hira, ni ce ke dandanna ta a wayoyi shida da ke cikin durowata, in ta yi lafiya in sa hannu a sake ta. Saboda haka ba wanda ke son ganin fuskata ranar Alhamis, ranar saki.

Makon nan matsalar ita ce saƙon murya. Da ya wuce minti biyu sai manhajar ta mutu, ta watso mutum waje. Ƙorafi ya yi yawa, Oga ya miƙa aikin ga Gwani. Shi ya raɗa wa kansa sunan. Mu dai ba mu taɓa ganin gwanintar ba, sai allon kwamfuta uku a teburinsa da kujera mai juyawa.

Ko shayina ban shanye ba ya ce ya gama.

Na gwada, kuma gaskiya ba ta mutu ba. Na aika saƙon minti uku daga waya ta ɗaya, alamar "ya isa" ta fito tsaf, amma waya ta biyu shiru kake ji. Da na buɗe abin da Gwani ya rubuta a cikin manhajar, takaici ya kama ni. Layi biyu ne: in kuskure ya taso a haɗiye shi, a nuna alamar.

Na ce, "Malam, ai ba gyara ka yi ba, baki ka toshe mata."

"An ce ta daina mutuwa," in ji shi, yana juyi a kujera. "Ta mutu?"

Na kai wa Oga maganar. Ya ce na cika neman aibu, in sa hannu a wuce wurin, in kuwa ba zan iya ba akwai masu neman kujerata. Aikin nan kuwa shi ke riƙe da ni da mahaifiyata. Duk da haka na ƙi. Suka saki abarsu ba hannuna. Ranar Juma'a jadawalin da ke ƙirga mutuwar manhajar ya sauko sifili, aka tafa wa Gwani.

Litinin ina zaune a teburina Oga ya tsaya a kaina.

"Me kike yi a nan? Ba ki ji saƙona ba?"

"Wane saƙo, Oga?"

Ashe tun Asabar ya sallame ni, da saƙon murya na minti huɗu ta manhajarmu. Ya nuna min wayarsa, ga alamar ya isa. Na miƙa masa tawa, babu komai. Ya dubi wannan, ya dubi waccan, ya daɗe yana dubawa. Ni da wautata har na gyara zama, ina jiran a ba ni haƙuri.

Ya ajiye min wayar a kan tebur.

"Wayarki ce ta tsufa," ya ce. "Tattara kayanki."