Ɗan Cika Sahu

Kowace tawagar masu busa a Alƙahira tana da 'yan cika sahu. A sa wa mutum jar riga mai maɓallai masu walƙiya, a ba shi kakaki, ya kumbura kumatu ya bi ayarin amarya, amma ko da wasa kada ya fitar da sauti. Mai biki ya ga taro ya ji daɗi, kowa ya tashi lafiya.

Ammu Fikri kuwa mabushi ne na gaske. Turambon ɗinsa, kakakin nan da ake jan hannunsa gaba da baya, tsohuwar ƙirar Amurka ce, ya girmi rabin 'yan tawagar. Fentinsa ya koɗe, bakinsa ya yi duhu kamar gindin butar shayi. Amma da ɗan man shafawa na mata da feshin ruwa, yatsa biyu sun isa su zuge hannun. Muryarsa mai kauri ce, mai ɗumi, tana sauka daidai tsakanin sauti biyu, inda waƙar Masar ta fi son zama.

Sai ga Usta Shahata, shugaban tawagar, ya sayo sabo fil mai ƙyalli.

"Ammu, yanzu kowa bidiyo yake ɗauka. Ko ka goge tsohon nan naka, ko ka karɓi sabon."

"In na goge shi muryar za ta tafi, Usta. Wancan kuwa na gwada, gwangwani ne, kukan akuya yake."

"To sai ka koma bayan mai babbar ganga, inda waya ba za ta kama ka ba."

Maganar ta yi wa Fikri ciwo ƙwarai. Tun yana da sumarsa shi ne a sahun gaba. Amma ya gwammace baya da ya rabu da kakakinsa. Sabon aka danƙa wa Zaglul wanzami, ɗan cika sahun da Allah ya yi wa baiwar kumatu, aka tsayar da shi a gurbin Fikri.

Ranar Alhamis bayan la'asar suka shiga lungun amarya. Fikri ya busa daga baya cikin haushi, haushin kuwa ya yi wa busar kyau, har matan da ke kan bene suka dakata da guɗa don su ji. A gaba Zaglul na ta jan hannun kakaki, ido a lumshe, yana rausaya kai. Samarin unguwa suka ce ai ga gwani, suka sungume shi suka ɗora a kafaɗa.

Ashe Zaglul ko tsani ba ya iya hawa. Ya cire kakakin daga baki ya shiga roƙo: "Ku sauke ni don Annabi, ina da hawan jini!" Yana roƙon, waƙar na tafiya abinta, ko tuntuɓe ba ta yi ba.

Lungun ya kece da dariya. Kawun amarya ya bi sautin har bayan ganga, ya kamo gefen rigar Fikri ya jawo shi gaba, duk wayoyin suka juyo kansa.

Usta Shahata ya matso da murmushin dole. "Shi ke nan, gaba naka ne. Amma ko ɗan bakin nan ka goge mana, Ammu."

Fikri bai cire kakakin daga baki ba. Ya dai zuge hannun har ƙarshe, ya saki wani dogon sauti mai gangarawa ƙasa daidai kunnen Usta, kowa a lungun kuma ya gane a'a ce.