Sensa ta Uku

Ranar Litinin da safe Arlen Bjerke ya bugo wa Marlys Tveit waya, ya ce jirgin sama zai yi wa gonarsa ta waken suya feshin maganin ƙwari ranar Alhamis. Amyoyin Marlys tamanin ne a gefen gonar. Shekara talatin tana kiwon zuma a nan jihar Dakota ta Arewa a Amurka, ta san abin da feshi ke yi wa ƙudan zuma. Ba ta damu ba, za ta kwashe su kafin ranar. Motarta mai dizal tana ɗaukar amya ashirin, sahu huɗu ke nan.

Talata da asuba ta kai sahun farko wani fili mai nisan mil ashirin. A hanyar dawowa wata fitila ta kama a gaban sitiyari, motar ta sare. Ta taka totur har ƙasa, amma ko keke zai wuce ta. A haka ta ja jiki zuwa garejin Duane Hochhalter, bakaniken da suka yi aji ɗaya a firamare.

Duane ya jona na'urarsa ya duba.

"Injinki lafiya lau," ya ce. "Sensa ce ta mutu, 'yar na'urar da ke auna zafin hayaƙi, ta uku cikin huɗun da ke jikin salansa."

"To me ya hana shi gudu?"

"Kwamfutar motar. Sensar na gaya mata salansa na ci da wuta, ita kuma ta yarda."

Marlys ta tsuguna ta kai hannu kusa da salansar. "Ko ƙwai wannan ba zai soya ba. Cire ta ka yar."

"In na cire, ko bakin titi ba za ki kai ba."

Babu irinta a garin. Duane ya yi oda daga birnin Bismarck, aka ce sai gobe. Laraba da hantsi kwali ya iso. Duane ya buɗe, ya juya abin a hannu.

"Mene ne kuma?" in ji Marlys.

"Ta biyu suka aiko. Kansu iri ɗaya ne, amma wayar ba ta kai ba, bakin soket ɗin ma daban."

"Kai ka faɗa musu daidai kuwa? Tun muna yara lissafi ke ba ka wuya."

"Uku na ce, tsohuwa. Har uku dai ina iya ƙirgawa."

Ta karɓi motar matarsa ta tafi Bismarck da kanta, mil casa'in. Mai shagon ya ba ta haƙuri sau biyu, ta karɓi sensar ta fito. Ƙarfe uku ta dawo da abin a aljihun riga, tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba.

Saura cire tsohuwar. Gishirin da ake zuba wa titi lokacin ƙanƙara ya sa tsatsa ta haɗe ta da salansar. Duane ya fesa mai, ya gasa wurin da wuta har ya yi ja, ya sa sufana ya danna a hankali. Sai ji suka yi ƙas. Rabin sensar ya biyo sufanar, rabi ya zauna a ciki.

"Sai na huda, na yi waldar sabon mazauni," ya ce ba tare da ya dube ta ba. "Mazaunin kuma ba ni da shi."

Marlys ta fita waje ta kira Arlen ta roƙi a ƙara mata kwana ɗaya. Ya ce da zai iya da ya yi, amma ƙwari na cin waken, mai jirgin kuma ba shi da wata rana sai mako na sama. Iyakar abin da ya samo mata shi ne a ɗaga feshin zuwa ƙarfe goma sha ɗaya.

Duane ya fito da tsohuwar akori-kurar mahaifinsa, wadda amya takwas kawai take ɗauka. Da yammar nan suka yi sahu biyu, Alhamis da asuba suka ƙara biyu. Duane, mai tsoron zuma tun yana yaro, ya sha harbi shida, idonsa ɗaya ya rufe. Sauran ashirin da takwas Marlys ta toshe musu ƙofa, ta lulluɓe su da jiƙaƙƙun buhuna, ta tsaya daga nesa tana kallon jirgin yana shawagi ƙasa-ƙasa.

Ranar ta yi zafi fiye da yadda aka zata. Da ta buɗe su da yamma, amya tara sun mutu saboda zafi, feshin bai ko taɓa su ba. Ta zauna a kan ciyawa ta daɗe, sannan ta tashi ta share gawarwakin da tafin hannu.

Juma'a da rana Duane ya kira ta. Mazaunin ya iso, ya yi walda, minti biyar ya ɗaura sabuwar sensar. Ta zo ta tayar da motar, fitilar ta mutu, injin ya ja kamar ba abin da ya faru.

"Sauran sensa ukun fa sa'annin wadda ta mutu ne," Duane ya ce, yana dafe da kumburarren idonsa.

Marlys ta dubi salansar, ta dube shi.

"Yi odarsu duka," ta ce. "Ni zan karanta musu lambar."